Kada, Tsaka, Kwaɗo da Maciji: Ji-ta-ji-ta da Abin da Bincike Ya Tabbatar

Dabbobi masu jan ciki da dangin kwaɗi gida biyu ne daban-daban, ko da yake a bakin jama'a kuɗin goro ake yi musu. Gidan farko ya ƙunshi maciji, ƙadangare, tsaka, damo, guza, hawainiya, kunkuru da kada. Fatarsu busasshiya ce mai kaushi, kuma mafi yawansu a tudu suke saka ƙwai. Na biyu shi ne na kwaɗi da 'yan uwansu, masu fata mai laima wadda ruwa da iska ke ratsawa, waɗanda galibinsu ke fara rayuwa cikin ruwa da wutsiya kafin ƙafafu su fito. Masana sun ƙirga nau'i sama da 11,000 a gidan farko, sama da 8,000 a na biyu. Bisa binciken ƙasusuwa da ƙwayoyin gado, zuriyar gidajen nan ta rabu fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, har ma ƙadangare ya fi kusanci da akuya a zumunta fiye da yadda yake da kwaɗo. Cewar da ake yi jininsu sanyi gare shi ba daidai ba ce. Jikinsu ne ba ya samar wa kansa ɗumi, sai sun nemo shi daga waje, kuma ƙadangaren da ya sha hantsi a kan katanga jininsa kan kusa kai ɗumin na mutum.

An daɗe ana cewa kada bai sauya kama ba tun zamanin dainoso. Ƙasusuwan da aka tono a Jamhuriyar Nijar na cikin manyan hujjojin da suka rushe wannan magana. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, an samu ragowar wani ƙaton dangin kada da masanan Faransa suka raɗa wa suna Sarcosuchus imperator a 1966. Ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka shige, lokacin da yankin ke cike da koguna, kuma ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita 1.5. Paul Sereno na Jami'ar Chicago, wanda ya yi tono a wurin a 1997 da 2000, ya kiyasta tsawonsa da mita 11 zuwa 12, amma lissafin da aka sake daga baya ya rage shi zuwa wajen mita 9. Wannan dodo ba kakan kadan yau ba ne, wani reshe ne na dangin da ya ƙare bai bar baya ba. A 2009 ayarin Sereno ya bayyana wasu dangin daga Sahara, ciki har da masu dogayen ƙafafu da ke tafiya a tudu, da mai faffaɗan baki irin na agwagwa, da mai haure irin na gadu. Kadan da aka sani yanzu, mai kwanciya cikin ruwa yana dakon abin da zai zo shan ruwa, salo ɗaya ne da ya tsira cikin salo masu yawa. A cikin dabbobin da ke raye kuwa, tsuntsaye ne 'yan uwansa na kusa, ba guza ko damo ba, duk da kamannin da ido ke gani.

Haka nan maganar cewa kadan Afirka iri ɗaya ne, wato na kogin Nilu. Tun a 1807 masanin Faransa Geoffroy Saint-Hilaire ya ce akwai wani iri dabam, ya kira shi suchus, aka yi watsi da zancensa kusan shekara 200. A 2011 Evon Hekkala da abokan aikinta suka gwada ƙwayoyin gadon kadoji daga sassan nahiyar, har da busassun gawarwakin da Misirawan dā suka naɗe suka adana, sai aka ga Bafaranshen ne da gaskiya. Kadan Afirka ta Yamma nau'i ne mai zaman kansa, kuma na Nilu ya fi kusanci da wasu kadojin nahiyar Amurka fiye da shi. Shi ne ke tafkunan Paga a arewacin Gana, inda baƙi kan dafa bayansa su ɗauki hoto, shi ne kuma ya rage 'yan ƙalilan a kwazazzabon Arshe cikin duwatsun Ennedi na Chadi. Bai kai na Nilu girma da faɗa ba, sai dai rashin faɗa ba rashin haƙori ba ne. Gano shi ya sauya lissafin kariya: muddin ana haɗa shi da na Nilu, wanda ke da yawa a gabashi da kudancin Afirka, ba a ganin yana cikin matsala, alhali wuraren zamansa a warwatse suke.

Akwai zancen da ake ɗauka tatsuniya amma gaskiya ne, wato cewa maciji ya taɓa yin ƙafafu. A 2006 an bayyana ƙasusuwan wani tsohon maciji mai ƙafafun baya, Najash, daga yankin Patagoniya na Ajantina. Ba sai an je can ba ma. Duk wanda ya juya mesa ya duba kusa da gindin wutsiyarta zai ga wasu 'yan ƙayoyi biyu masu kama da farce, ɗaya a kowane gefe. Ragowar ƙafa ne, kuma na namiji sun fi tsawo, yana amfani da su wajen barbara.

A cikin gida, tsaka ce ta fi shan ƙazafi. Ana cewa tana da dafi, in ta faɗa abinci sai a mutu, in ta bi jikin mutum ko ta lashe shi sai kuturta ta kama shi. Tsaka ba ta da dafi ko kaɗan, kuma kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likitan ƙasar Norwe Gerhard Hansen ya gano a 1873, tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum bayan doguwar cuɗanya. Ɗan abin da ke da tushe a zancen shi ne kashin tsaka, kamar na sauran masu jan ciki, yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Wannan dalili ne na rufe abinci da tulun ruwa. Abin da littattafan addini suka ce a kanta fage ne na malamai, amma batun dafi an bincika ba a samu ba.

Hawainiya ma ba ta da dafi, kuma ba ta iya rikiɗa ta koma kowane launin da aka ɗora ta a kai. Korenta na yau da kullum ya ishe ta sajewa da ganye. Rikiɗar mai ƙarfi tana zuwa ne in ta fusata, ko tana neman abokin barbara, ko zafi da sanyi sun sauya. Masu bincike a Jami'ar Jeniba sun nuna a 2015, ta hanyar nazarin wata hawainiyar Madagaska, cewa akwai ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli jere cikin fatarta, kuma matsewarsu ko warewarsu ke sauya irin hasken da fatar ke maidowa.

Kwaɗi kuwa, ganin yadda suke cika gari dare ɗaya bayan ruwan farko ya sa ake cewa daga sama suke zubowa. A ƙarƙashin ƙasa suka yi rani. Wasu kan haƙa rami su shige, jikinsu ya yi musu wani kwanso na saɓar fata mai hana bushewa, su kwanta wata da watanni har laima ta iso su. Taɓa kwaɗo ba ya sa ƙuraje irin na bayansa su fito wa mutum. Amma farin ruwan da ke fita daga kumburin bayan idanunsa guba ce ta gaske: karen da ya cafke shi kan yi ta dalalar da yawu, kuma in ya shiga ido yana da raɗaɗi.

A kan maciji ne ƙarya ta fi tsada, domin a nan rai ake rasawa. Daga cikin nau'in macizai kusan 4,000, kimanin 600 ne ke da dafi, kuma wajen 200 ne ke iya yi wa mutum mummunar illa. Maciji ba ya sara da harshe ko wutsiya, da harshen yake sansano wari. Idonsa ba ya ɗaukar hoton wanda ya kashe shi, balle matarsa ta biyo ramuwa. Gaskiya ne dai kan da aka sare yana iya cizo bayan an raba shi da jiki, kuma gaskiya ne kumurci na feso dafi daga nisan mita 2 ko fiye, yana auna ido. Abin yi shi ne a wanke idon nan take da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Wani bincike na 2021 ya nuna wannan dabara ta feshi sau uku ta ɓulla daban-daban cikin dangin, sau biyu a Afirka sau ɗaya a Asiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara daga saran maciji, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A ƙasashen daji mai ciyawa na Afirka ta Yamma kububuwa ce kan gaba, 'yar ƙarama da sau da yawa ba ta wuce kamu biyu ba. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai dadashi da wurin saran su yi ta tsiyaya. A asibitin masu saran maciji na Kaltungo, jihar Gombe, da irinsa, gwajin farko mai sauƙi ne: a ɗebi ɗan jini a zuba cikin busasshiyar kwalbar gilashi, a ajiye minti 20 ba tare da girgizawa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya kwarara, dafi na aiki, sai a ɗaura allurar kashe dafi. Ɗaure hannu tamau, tsaga wurin da reza, tsotsa da baki da manna baƙin dutse duk an auna su, ba sa fitar da dafi, ɗaurin ma kan kashe gaɓar. Dalilin da ya sa ake rantsuwa da su a fili yake. Sara da dama na macizai marasa dafi ne, mai dafin ma wani lokaci ba ya zuba shi, sai mutum ya warke don kansa a ce dutse ne ya yi aiki. Masu cewa maciji ba shi da amfani kuma sun manta da ɓerayen da yake ragewa a gona da rumbu, da maganin hawan jini kaftofiril da aka amince da shi a 1981, wanda asalinsa binciken dafin wani macijin Brazil ne.

Sai zancen da ya fi yaɗuwa, cewa irin waɗannan halittu ba sa ƙarewa. Ƙididdigar da aka wallafa a mujallar Nature a 2023 ta duba nau'in dangin kwaɗi 8,011, ta sami kashi 41 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa, abin da ya zarce na tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa. Ta masu jan ciki, a 2022, ta duba nau'i 10,196 ta sami kashi 21 cikin 100, amma a cikin kunkuru ya haura rabi, a cikin kadoji rabi ne cif. Babban dalili shi ne share daji da busar da fadamu don noma da gine-gine, sai farauta da fatauci. Wani nazari na 2010 ya bi sawun cinikin busassun kwaɗi daga arewacin Benin da maƙwabta zuwa kasuwannin kudu maso yammacin Najeriya, ya lissafa sama da miliyan 2.5 a shekara ta hannun mutum 32 kacal. Indiya, wadda ta daɗe tana sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi, ta hana fitar da su a 1987 bayan sun ragu a gonakin shinkafa.

Akwai kuma wata cutar fumfuna da ke kama fatar kwaɗo, wadda aka gane a 1998. Ƙididdigar 2019 ta ɗora mata alhakin raguwar nau'i 501, daga ciki ana kyautata zaton 90 sun ƙare. Shekaru da dama ana maimaita cewa daga Afirka ta fito, ta hanyar wani kwaɗon ruwa na Afirka ta Kudu da aka riƙa fitarwa ƙasashe tun shekarun 1930 don gwajin juna biyu. Hasashe ne mai ma'ana a lokacinsa, kuma kwaɗon na ɗauke da cutar. Sai dai binciken ƙwayoyin gadon fumfunar a 2018 ya nuna tushenta Gabashin Asiya ne, musamman yankin Koriya, kuma cinikin dabbobi tsakanin ƙasashe ya baza ta.

Ɗumamar yanayi na shafar su ta wata hanya da aka fara ganowa a Afirka ta Yamma. A 1966, a Dakar, Madeleine Charnier ta lura cewa zafin da ƙwan ƙadangaren gida ya samu shi ke ƙayyade ko namiji zai fito ko mace. Da farko ba a kula da aikinta ba, daga baya aka tabbatar haka abin yake ga dukkan kadoji da mafi yawan kunkuru. A arewacin babban murjanin teku na Ostareliya, binciken 2018 ya sami kashi 99 cikin 100 na ƙananan kunkurun teku kore duk mata ne, saboda yashin da aka binne ƙwan ya yi zafi.

Kiwo a hannun mutane yana iya ceton nau'i, amma sai da tsari. Wani ɗan ƙaramin kwaɗo na kwazazzabon Kihansi a Tanzaniya ya ɓace daga daji bayan madatsar ruwa ta rage feshin da yake rayuwa cikinsa, aka ayyana ƙarewarsa a daji a 2009. Gidajen namun daji na Bronx da Toledo a Amurka suka hayayyafa shi, aka fara mayar da shi gida a 2012. Wannan ya sha bamban da ajiye babban kunkurun Sahel a tsakar gida, abin da wasu ke ɗauka tamkar kare shi ne. Kunkurun nan shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, yana cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa, kuma yakan shafe shekara goma ko fiye kafin ya fara haihuwa. Wanda aka ɗauko daga daji aka ajiye shi kaɗai zai iya yin shekaru masu yawa yana cin ganye a gindin bango, amma ba zai ƙara wa zuriyarsa ko ɗa ɗaya ba.