Ko Ka San Sau Nawa Kwamfutar Tuƙin Jirgi Ke Zana Duniya a Daƙiƙa Ɗaya?

Duk wanda ya ɗaura tabarau na VR ya zauna tuƙin jirgin sama a kwamfuta, kashi 11 cikin 1,000 na daƙiƙa kacal kwamfutarsa take da shi ta zana masa duniya. Kuma sau biyu za ta zana, ɗaya na idon dama, ɗaya na hagu. Tana gamawa ta soma sabo, haka har sau 90 a kowace daƙiƙa. Fim ɗin da muke kallo hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa, kuma ba ma ganin yana ɗingishi. Kafin ka ƙifta ido sau ɗaya, kwamfutar ta zana gari da gajimare da allon matuƙi kusan sau goma. Tun ranar da na gane wannan lissafi ban daina mamakinsa ba.

To me ya kawo wannan gaggawa? Kunnenka ne. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa, su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Idan ka waiwaya, kunne ya ce an juya, hoto kuma ya makara, sai ido ya ce ba a juya ba. Daga nan sai jiri, sai zufa, sai tashin zuciya. Wanda ya taɓa duƙufa kan waya a cikin mota daga Kano zuwa Zariya ya san abin da nake nufi. A kan allon tebur, hoto mai tsalle-tsalle haushi kawai yake ba ka. A cikin tabarau kuwa, har cikinka yake taɓawa.

Na ga haka a gidan wani abokina mai manhajar Microsoft Flight Simulator, wadda ta fito a Agustan 2020 aka ƙara mata VR a Disambar shekarar. Ya ɗora ni a ƙaramin jirgi Cessna 172, na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Na leƙa ƙarƙashin fiffike, sai ga gari shimfiɗe, har na miƙa hannu zan dafa ƙofar da babu ita. Amma da na karkata jirgin ta kan cikin birni, hoto ya soma ƙwacewa kamar ana fizgar labule, kafin minti goma zufa ta keto mini.

Abokin nawa ya riga ya fara tara kuɗin sabon katin hoto. Ba laifinsa ba ne, don tabarau irin Quest 3 ɗigo 2,064 sau 2,208 yake da shi a kowane ido, sama da miliyan 9 ke nan gaba ɗaya, ya ninka na talabijin mai 1080 fiye da sau huɗu. Sai dai manhajar tana da ma'auni a ɓangaren masu gyara, wanda ke faɗa maka wane ne ya makara tsakanin furosesa da kati. Da muka buɗe, ashe furosesa ce. Ita ke lissafin iska da injin jirgi da agogunan matuƙi da sauran jiragen da ke sama, kuma mafi nauyin aikin ta layi ɗaya yake bi. Katin yana nan zaune kamar magini riƙe da cebur ɗin shafe yana jiran lebura ya kawo kwaɓi. Ko ka ɗauko maginin da ya fi kowa, ginin ba zai tashi ba. Sai ya sayi furosesa Ryzen 7 5800X3D, wadda AMD ta fitar a Afrilun 2022 da ma'ajiyar kusa mai megabait 96, ta zauna daram a tsohuwar kwamfutarsa, fizgar ta ragu ƙwarai.

Ga kuma dabarar da ta fi burge ni. Ko manyan kwamfutoci da wuya su riƙe 90 a kan babban birni. Sai su zana 45 na gaskiya, sauran 45 su ƙirƙira ta hanyar hasashen inda kowane abu zai matsa. Ido bai cika ganewa ba, sai fa a farfela: gudunta ya fi ƙarfin hasashe, sai ka ga tana rawa kamar hoto a cikin ruwa.

Manhajar Flight Simulator ta daɗe tana gwada ƙarfin inji. Bayan fitowarta a 1982, masu ƙera kwamfutocin da ke kwaikwayon na IBM da ita suka riƙa gwaji: in ta tashi lafiya, kwamfuta ta yi. Kafin nan ma, a 1929, Edwin Link na Amurka ya haɗa akwatin koyon tuƙi da zugazugi irin na kayan kiɗan da mahaifinsa ke ƙerawa, iska ke karkata shi kamar yadda maƙeri ke hura wuta.

Batun lokacin saye ba shi da tsawo. A 2021 masu haƙar kuɗin kirifto sun wawashe katunan hoto har farashi ya ninka, a 2022 ya sauko. Manyan katunan Nvidia kusan shekara biyu ke tsakaninsu: RTX 4090 a Oktoban 2022, RTX 5090 a Janairun 2025, kuma na biyun wat 575 yake sha shi kaɗai, don haka mai inbata ya yi lissafi. Masu tabarau HP Reverb G2 kuma sun sha mamaki da Microsoft ta cire tallafinsa daga Windows 11 na 2024.

Saboda haka, mai karatu, kada ka saya don sabo ya fito, kada kuma ka saya gabanin fitowar manhajar da kake jira. Buɗe ma'aunin, ka tashi ta kan garin da ya fi wahalar da kwamfutarka, ka ga wanda ya makara tsakanin furosesa da kati. Shi za ka canza.