Gwamnati nawa ke cikin buhun albasa?

Akwai wani benci a gefen teburin mai shayinmu, a kasuwar albasa ta Adjen Kotoku da ke bayan birnin Accra, wanda muke kira majalisa. Bayan sallar asuba, kafin a fara sauke motoci, nan muke zama mu biyar ko shida, kowa da kofinsa da wayarsa. A kan bencin nan mun tuɓe shugabannin ƙasa sun fi goma, mun naɗa wasu, mun gyara darajar naira da ta sidi, ba tare da ɗayanmu ya ɗaga daga inda yake zaune ba. Uwargida takan ce da ana biyanmu kuɗin zama kamar 'yan majalisar gaske, da tuni na gama ginin da na fara a gida.

Da can ba na shiga irin wannan hira. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya yi a Kumasi, kuma yana cikin waɗanda suka tattara ya-nasu-ya-nasu a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Ranar da zan taho Gana abu ɗaya ya maimaita mini har sau uku: ka riƙe takardunka, ka riƙe bakinka, siyasar garin mutane ba taka ba ce. Na riƙe wannan magana shekara da shekaru. Yanzu ma ban yar da ita ba, sai dai na gane cewa ko ka ƙyale siyasa, ita ba ta ƙyale ka. Wannan kasuwar da muke zaune ma ai ba mu muka zaɓe ta ba. A Agbogbloshie muke, tsakiyar gari, har zuwa watan Yulin 2021 da hukuma ta ce a tashi, aka kawo mu nan hanyar Nsawam, inda mai sayen buhu ɗaya sai ya yi lissafin kuɗin mota kafin ya zo.

Ku duba buhun albasa guda. A Galmi aka noma ta, na biya da sefa. Ta ratsa ƙasa biyu ko uku kafin ta iso, kowace da jami'anta a bakin hanya. Na sayar da ita da sidi. Abin da ya rage bayan an cire kuɗin mota da na lebura da na ɗan kamasho, wani kaso nasa sai ya koma naira, domin tsohuwata da ƙannena suna ƙauyenmu kusa da Illela. To duk wanda ya yi atishawa a Yamai ko Kwatano ko Accra ko Abuja, a cikin buhun nan nake jin ta.

Bari in fara da harajin waya, tunda shi ne ya fara sa ni buɗe baki a majalisa. A ƙarshen 2021 gwamnatin Gana ta kawo maganar cire haraji a kan kuɗin da ake turawa ta waya, abin da ake kira E-levy. Rigimar ta kai har 'yan majalisar dokoki suka ba hammata iska a zauren majalisa cikin watan Disamba, muna kallo a waya muna dariya, ba mu san a kanmu za ta ƙare ba. Ranar 1 ga Mayun 2022 aka fara cirewa, kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, ban da sidi ɗari na farko a kowace rana. Ga wanda ke tura wa ɗansa kuɗin makaranta sau ɗaya a wata, abin ba zai yi masa ciwo sosai ba. Amma mu da kuɗi ke zagayawa tsakaninmu sau goma a yini fa? Ka tura sidi 5,000, a cire maka sama da 70, ban da ladan kamfanin waya. Wanda ka tura wa shi ma zai tura wa direba, a sake cirewa. Kuɗi ɗaya ne, ba haihuwa ya yi ba, amma duk inda ya taka sai an yanke masa kunne.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Matan da ke saro albasa a wurina, waɗanda na sha wahala kafin na shawo kansu su riƙa biya ta MoMo, suka koma ƙulle kuɗi a bakin zane. Ni kaina na koma yawo da damin kuɗi a aljihun ciki, ina waige-waige a tasha. An rage harajin zuwa kashi ɗaya a farkon 2023, sannan Shugaba Mahama ya sa hannu aka soke shi a watan Afrilun 2025. Ba na cikin masu cewa kada gwamnati ta karɓi haraji. Titin da motata ke bi ba da addu'a aka shimfiɗa shi ba. Amma ka shekara goma kana lallashin mutane su saba da abu, ranar da suka saba sai ka tsaya a bakin ƙofa da ƙoƙo? Wasu daga cikin matan nan har yau ba su dawo wa waya ba.

Na gida kuwa ya fi wannan zafi. A watan Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ba da wa'adin ƙarshen Janairun 2023, daga baya aka ƙara kwana goma. Tsohuwata ba ta taɓa shiga banki ba. Abin da nake aika mata, wanda ba ta ci ba, a cikin wata tsohuwar kwalla take ajiyewa ƙarƙashin gado, tana cewa na likkafaninta ne. Da labari ya iso ƙauye sai ta ƙi yarda, ta ce wayo ne yara ke son yi mata. Sai da na kira ta ta wayar ƙanena, na ce, Inna, don girman Allah ki ba shi ya kai, in ya ɓace ni zan biya. Ta yi shiru, can ta ce, kuɗin da ba ya kwana a ɗaki ai ba naka ba ne. Ta dai bayar. Ƙanena ya yi kwana uku yana bin layi a gari kafin ya zuba su.

Zubawar ce mai sauƙi. Sabbin kuɗin ba su wadata ba, tsofaffin an kwashe. Ina nan Accra na tura musu kuɗin cefane, saƙo ya shiga, lamba ta fito a fuskar waya ɓaro-ɓaro, amma mai itace a ƙauye ba ya karɓar lamba. Mai POS kuwa in ka same shi da kuɗi, sai ka bar masa dubu ɗaya ko fiye kafin ya ba ka dubu goma. Kuɗinka, ka saye shi da kuɗinka. A bakin iyaka 'yan canji suka daina karɓar tsohuwar naira, mutanenmu suka koma ciniki da sefa. Sai a ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, bayan ƙarar da jihohin Kaduna da Zamfara da Kogi suka fara kaiwa. Takardun da aka hana tsohuwa barci a kansu, ga su nan har yau ana ciniki da su.

A majalisarmu akwai wani yaro ɗan Kano mai sayar da wayoyi, shi kullum yana bayan duk abin da aka ce na zamani ne. Ya ce mini, Baba, ai ƙasashen da suka ci gaba ba sa yawo da takardar kuɗi. Na ce masa gaskiyarka, ɗana, ni ma an taɓa tare mu a hanya aka raba ni da jarin shekara biyu, ba wanda zai koya mini amfanin kuɗin waya. Amma ba a cike tsohuwar rijiya sai sabuwa ta kawo ruwa. Garin da sai an hau tudu ake samun sabis, garin da banki mafi kusa ke da tafiyar rabin yini, da me ka ce su yi ciniki?

Wanda ya karya ni sosai shi ne na damunar 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, kwana huɗu bayan haka Ecowas ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki. Lokacin damina ne, albasar da ke kasuwa ta ajiya ce, wadda aka fito da ita daga rudu, tsada gare ta kuma ba ta da haƙuri. Mu uku muka haɗa mota ɗaya, buhu casa'in nawa ne a ciki. Saboda rashin tsaro a hanyar Burkina mun koma bin ta Benin, sai motar ta iso Gaya ta tarar da gadar Malanville a rufe. Kullum sai na kira direba, kullum amsa ɗaya: Alhaji, muna nan, ana cewa gobe. A rana ta tara ya ce mini ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan mota. Duk ɗan albasa ya san ma'anar wannan magana. Abin da aka tsinta aka sayar a can da araha bai biya kuɗin mota ba. A nan kuwa farashi ya yi tashin gwauron zabo, masu saye suna zaginmu wai mun ɓoye kaya.

Tun daga lokacin majalisarmu ta rabu biyu. Akwai abokina Bazabarme, mutumin Dosso, wanda in ka taɓa sojojin Nijar kamar ka taɓa mahaifinsa. Yana cewa sun kori sojojin Faransa, sun ɗaga kan ƙasa, talaka ya yi haƙuri. Ɗan Kano kuma yana cewa wanda ya hau mulki da bindiga ba ya sauka da lallashi. Ni sukan ce ba ni da alƙibla, domin kowanne na ba shi rabin gaskiya. Ban ga sojan da takunkumi ya hana cin abincin dare ba. Direbobi na gani suna kwana ƙarƙashin mota, da asibitoci da masu injin niƙa da suka shiga duhu da Najeriya ta yanke wuta. Wanda ya tsara wannan takunkumi bai taɓa zuwa kasuwar Illela ya ga yadda Konni ke shigowa cikinta da ƙafa ba. Amma kuma na faɗa wa Bazabarme a gabansa: an ɗage takunkumin tun Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, Benin ta buɗe, sai Yamai ta bar gadar Gaya a rufe ta ce saboda tsaro. Mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale, kaya a ka. Wannan kuma wa za a ɗora wa? Ya ce ba zan gane ba. Na ce buhu casa'in sun koya mini abin da ya ishe ni.

Da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga Ecowas ranar 29 ga Janairun 2025, abin da ya dame ni ba tuta ba ce ko sunan ƙungiya. Takarda ce. Tun yarjejeniyar 1979 ɗan yankin nan ke shiga ƙasar maƙwabta ba biza ya yi kwana casa'in, a kan wannan muka gina rayuwarmu, muka yi aure, muka haifi 'ya'yan da Hausarsu ta gauraye da Twi. Ecowas ta ce za a ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirga har sai abin da hali ya yi. Wannan “har sai” ɗin ita ke hana ni sakewa, domin mahaifina ma yana zaune lafiya ne har ranar da aka karanta sanarwa a rediyo.

Ita kanta wayar da muke taƙama da ita, mun ga iyakarta. Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka katse, daga nan har Najeriya da Kwaddibuwa abubuwa suka tsaya cik. Sai ranar na san ashe saƙon da nake tura wa Galmi ta cikin ruwa yake bi. Wanda ya fitar da ni kunya a makon nan wani dattijo ne mai canji, wanda ke da ɗan'uwa a Konni. Ka ba shi sidi a nan, ya buga waya ta baki, a ba mutuminka sefa a can kafin ka gama shan ruwa. Ba rasit, sai littafinsa da sunansa. Na ji an ƙaddamar da wani tsari mai suna PAPSS a nan Accra tun Janairun 2022, wai ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa, na can ya karɓa da nasa, ba sai an bi ta dala ba. Tunani ne mai kyau, ina yi masa fatan alheri. Amma a kan bencinmu ban ga wanda ya taɓa biyan kuɗin albasa da shi ba. Ranar da zai zo kasuwa ya yi mana bayani da Hausa da Zabarmanci, ni ne na farko a layi.

Abin da na fi tsoro yanzu ma ba gwamnati ba ce, saƙon murya ne na WhatsApp. Wani zai zauna a ɗakinsa ya ce “an buɗe boda, motoci ɗari na tafe”, kafin azahar farashi ya faɗi, mai raunin zuciya ya zubar da kayansa. Sau biyu ana yi mana haka. Yaran nan kuma sun ce yanzu akwai manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum sak, har ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Shi ya sa na kafa wa gidana doka: duk wanda ya ji muryata a waya ina cewa a tura kuɗi, ya kashe, ya kira ni da kansa, ya tambaye ni sunan da Inna ke kirana da shi. Labarin hanya kuwa ba na karɓarsa daga kowa sai direban da ƙafarsa ke wurin.

Yau da safe Bazabarme ya zo da sabon zance, wai ƙasashen uku za su buga kuɗinsu su bar sefa, ya ce in shirya. Na tambaye shi yaushe, ya ce nan kusa. Bara ma haka ya ce. Na dai rage yawan sefar da nake bari ta kwana a hannun mutane, na raba jarina gida uku, kuma kowane wata nakan aika wa Inna wani abu a takarda, ta hannun direba, domin ta mayar cikin kwallarta. Katina na baƙi, wanda layin wayata ke rataye a kansa, zai ƙare wata mai zuwa, kuma da lissafin dala ake sabunta shi. Na ce wa babban ɗana ya duba mini nawa sidi yake a yau kafin in je.