Yarinya ta sha hukunci, manya sun tafi gida: bayani kan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni



Bayan shirin wasanni na makon jiya, wani mai sauraro ya aiko mana da saƙon murya yana tambaya: wai yaya za a ce yarinya ƴar shekara 15 ta yi magudi da ƙwaya, alhali ko kuɗin sayen maganin ba ita ke riƙe da su ba? Tambayar ta fi ƙarfin minti biyun da suka rage mana a iska, shi ya sa muka kawo amsar nan a rubuce. Labarin na ƙasar ƙanƙara ne, nesa da mu ƙwarai, amma in kuka yi haƙuri za ku ga ya biyo ta bakin kasuwarmu.

Wasan da ake magana a kansa shi ne zamiya a kan ƙanƙara. Ku ɗauka fili ne shimfiɗaɗɗe da aka daskarar da ruwa a kansa ya yi tauri kamar siminti, sai ɗan wasa ya sa takalmi mai ƙarfe siriri a ƙasa kamar bakin wuƙa, yana sulɓi yana rawa da kiɗa, yana tsalle yana juyawa a sama kafin ya dira da ƙafa ɗaya. Alƙalai na ba da maki bisa wuyar tsallen da kyan rawar. Tsalle mafi tsada shi ne wanda ake juyawa sau huɗu a iska, kuma duka-duka bai cika daƙiƙa ɗaya ba. A ɓangaren mata, ƴan mata ƙanana waɗanda jikinsu bai gama girma ba su suka fi iya shi, don ba su da nauyi, suna juyawa da sauri. Nan ne tushen matsalar. Masu horarwa sun gane cewa lambar zinariya tana hannun ƴar shekara 15 ko 16, sai aka koma matsa wa yara.

Kamila Valieva ƴar ƙasar Rasha ce, an haife ta a watan Afrilu na 2006. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a birnin Beijing na ƙasar Sin, ranar 7 ga Fabrairu 2022, ta zama mace ta farko da ta yi wannan tsalle mai juyi huɗu a tarihin Olamfik, ta taimaki tawagar ƙasarta ta zo ta ɗaya. Kashegari aka shirya raba lambobi, sai aka ji shiru. Ashe fitsarin da aka ɗauka nata tun ranar 25 ga Disamba 2021, a gasar cikin gida a birnin Saint Petersburg, sai a lokacin ne ɗakin bincike na Stockholm a ƙasar Suwidin ya fitar da sakamakonsa. An samu wani magani mai suna trimetazidine.

Wannan magani na masu ciwon zuciya ne, galibi tsofaffi masu jin ƙirji na ɗaurewa. A kantunan magani na ƙasashen da ke amfani da Faransanci an fi saninsa da sunan Vastarel. Yana taimaka wa zuciya ta yi aiki ko da iskar da ke isa gare ta ta yi ƙaranci, shi ya sa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, wato WADA, ta haramta shi ga ƴan wasa tun 2014. Me zai kai maganin zuciyar tsofaffi jikin yarinya mai ƙoshin lafiya? Lauyoyinta sun ce na kakanta ne. Da farko an yi maganar kofin ruwa da suka sha tare, daga baya aka ce wani abin zaƙi ne ya haɗa mata a kan katakon da yake daka ƙwayoyinsa.

Saboda ƙarancin shekarunta da kuma jinkirin sakamakon, kotun wasanni ta duniya ta bar ta ta ci gaba da gasar. Ranar 17 ga Fabrairu ta fito wasan ƙarshe, duniya duka ta zuba mata ido. Yarinyar da ba a saba ganin ta faɗi ba ta yi ta faɗuwa, ta ƙare ta huɗu, ta fito tana kuka. Mai horar da ita, Eteri Tutberidze, maimakon ta rungume ta, sai ta tarbe ta da faɗan me ya sa ta saki jiki ta daina fafatawa. Shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, da bakinsa ya ce abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Ni ma da na sake kallon hoton bidiyon, wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne ƴar talla da ta ɓarar da faranti, tana tsoron komawa gida.

Shari'a ta ja har kusan shekara biyu. Hukumar Rasha ta fara cewa yarinyar ba ta da laifi, WADA ta ɗaukaka ƙara. Ranar 29 ga Janairu 2024 kotun da ke birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan ta ce labarin kaka bai samu hujja ba, ta dakatar da Valieva shekara huɗu, ana ƙirgawa daga 25 ga Disamba 2021 zuwa 25 ga Disamba 2025, aka soke duk nasarorin da ta samu tun daga ranar gwajin. Zinariyar tawaga ta koma hannun Amurka, Japan ta samu azurfa, kuma sai a watan Agusta 2024 a birnin Paris aka rataya musu lambobinsu. A cikin takardun shari'ar an ga cewa tsakanin shekara 13 zuwa 15 an ba yarinyar nan magunguna da abubuwan ƙarin ƙarfi sama da iri hamsin. Ba a ce haramtattu ne ba. Amma ku tsaya ku auna: wace yarinya ce za ta iya sanin abin da ke cikin kowane ɗaya?

To, mu dawo ga tambayar mai sauraronmu. Dokar wasanni ta duniya tana da wata ƙa'ida mai tsauri: duk abin da aka samu a jikinka, kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ba sai an tabbatar kana da niyyar magudi ba. Ana raba fitsarin gida biyu a kwalabe, a gwada ta farko, in ɗan wasa ya yi gardama a buɗe ta biyu, kuma ana iya ajiye shi har shekara goma a sake gwadawa. In kana son sassauci, kai ne za ka nuna ta inda abin ya shiga jikinka. An yi dokar haka ne don in ba haka ba kowa zai ce ban sani ba. Dokar ta ware ƴan ƙasa da shekara 16 a matsayin waɗanda ake karewa, ta kuma ce a binciki manyan da ke kewaye da su. A rubuce ke nan. A aikace, kwalbar fitsari sunan yaro take ɗauke da shi, ba ta ɗauke da sunan wanda ya miƙa ƙwayar. Hukuncin Lausanne a kan yarinyar kaɗai ya faɗa. An bar jaki ana dukan taiki.

Abu guda da ya canza shi ne shekaru. A watan Yuni 2022 hukumar wasan zamiya ta duniya ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, sannu-sannu cikin shekaru biyu. A ganina wannan gyara ne mai kyau, sai dai bai taɓa hannun da ke ba da magani ba.

Kada wani ya ce ai wannan sha'anin Turawa ne. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana. A 2014, a gasar ƙasashen rainon Ingila da aka yi a Glasgow, wata ƴar shekara 16 mai suna Chika Amalaha ta ci zinariya a ɗaga ƙarfe, ajin kilo 53. Kwanaki kaɗan aka karɓe lambar, don an samu magungunan sa fitsari iri biyu a jikinta, irin waɗanda ake ba masu hawan jini. An hana su ne saboda suna rage nauyi da sauri kafin awo, kuma suna iya wanke alamar wata ƙwayar. Aka dakatar da ita shekara biyu. Kafin ita, a Olamfik na Sydney a 2000, Andreea Raducan ta ƙasar Romaniya, ita ma ƴar 16, ta rasa zinariyarta saboda ƙwayar mura da likitan tawagarsu ya ba ta. Mura fa!

Yanzu ga inda maganar ta shigo gida. Tun ranar 1 ga Janairu 2024, WADA ta sa tramadol cikin jerin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Tramol ɗin nan dai da muka sani. Masu tseren keke sun riga kowa, sun hana shi tun 2019, har ma an soke sakamakon Nairo Quintana na ƙasar Kolombiya a tseren zagaye Faransa na 2022 saboda shi. A nan Gaya ba sai an yi wa kowa bayanin tramol ba. Garin iyaka muke, Malanville na tsallaken kogi, Kamba na nan kusa, kuma jami'an tsaro da na duwan sun sha kama shi a kan waɗannan hanyoyi. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a ɓoye a tasha da bakin kasuwa yakan kai 200, 225 har 250. Ɗan kabu-kabu na sha don ya kai dare, ɗan dako na sha, mai noma na sha lokacin huɗa, wasu ma a cikin shayi ko kofi ake narka musu.

Abin da tramol ke yi shi ne ya toshe jin zafi. Ba ya ƙara ƙarfin damtse ko kaɗan. Yaron da ya sha ya shiga fili zai ci gaba da kokowa a kan gwiwar da ta riga ta goce, don jikin ya daina faɗa masa ya tsaya. Idan ya yi yawa yana kawo jiri, yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana rage numfashi, kuma da wuya mai shansa kullum ya iya bari ba tare da taimakon likita ba.

Mu jihar Dosso ƴan kokowa ne. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, ba abin da ke tara ƴan Nijar gaban rediyo kamar takobi, kuma kowane yaro da ke kokowa a kan rairayi bayan girbi yana mafarkin ya zama Issaka Issaka, wanda ya sha kawo mana takobin gida. Wasu na mafarkin Abdoul Razak Issoufou Alfaga, da ya ciyo wa ƙasa azurfa a wasan taekwondo a Rio a 2016. Wasu kuma ƙwallo ce a ransu. Duk wanda Allah ya ɗaga a cikinsu ya kai gasar Afirka ko ta duniya, zai tarar da ma'aikaci riƙe da kwalba yana jiransa a bakin fili. Ranar ba za a tambaye shi wa ya ba shi ba.

Kuma a wajenmu yaro ba ya musu da babba. In mai gidansa a wasa ya miƙo masa abu ya ce sha, sha zai yi, ko rubutu ne, ko jiƙo, ko gari a leda. Ba ina zargin tsimi da sassaƙen iyaye da kakanni ba ne, kokowa da su ta tashi. Damuwata ita ce abin da ake sayarwa yanzu da sunan maganin gargajiya ko maganin ƙarfi, a kwalba ba suna ba kwali, wanda mai sayarwar kansa bai san abin da aka zuba a ciki ba. Haka ma ƴan uwa na waje da ke aiko wa ƙannensu gwangwanayen garin gina jiki: niyyarku mai kyau ce, amma an sha samun haramtattun sinadarai a irin waɗannan kaya ba tare da an rubuta a jiki ba.

Wani zai ce to in ɗan wasa ba shi da lafiya fa, ya zauna da ciwo? A'a. Doka ta ba da hanya. Likita ya rubuta cutar da maganin, a nemi izini daga hukumar wasan kafin gasa, in an amince ba laifi. Sannan lokacin ɗaukar fitsari ana ba ɗan wasa takarda ya rubuta duk abin da ya sha cikin kwana bakwai na baya, har da na mura da na ciwon kai. Yaron da bai yi lakkol mai zurfi ba yana buƙatar wani nasa a kusa wanda ya san sunayen.

Akwai wani misali da ya nuna amfanin haka. A 2024 an samu irin maganin nan na Valieva, trimetazidine, a jikin Iga Swiatek, shahararriyar ƴar wasan tanis ta ƙasar Folan. Ita babba ce, tana da kuɗi da lauyoyi. Ta kawo maganin barcin da take sha, aka kai ɗakin bincike, aka tabbatar ya gurɓata da sinadarin tun kafin ya zo hannunta. Wata ɗaya aka dakatar da ita. Valieva ba ta da abin da za ta ajiye a gaban alƙalai sai labarin kakanta, wanda shi kansa bai bayyana gaban kotun ba, ta sha shekara huɗu.