Tsibiran Yauri: Ƙasa ce ke tasowa ko ruwa ne ke ja da baya?

Duk shekara idan ruwan Tafkin Kainji ya ja baya, masunta a Yauri da Ngaski da Shanga kan ga tudun yashi da ƙananan tsibirai sun bayyana a wuraren da kwale-kwale ke wucewa watanni kaɗan kafin nan. A jikin gaɓar da ruwa ya zaizaye kuwa, ana ganin laka da yashi sun jeru hawa-hawa kamar an shimfiɗa tabarmi.

Wannan ya sa wasu ke tambaya: shin ƙasa ce ke tasowa, ko ruwa ne ke sauka? Masana ilimin duwatsu suna neman amsar irin wannan tambaya ce a cikin waɗannan shimfiɗu.

Ƙa'idarsu ta farko mai sauƙi ce: shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta. Daga nan sai su auna shekarun kowacce. Idan an samu gawayi ko ƙashi ko ɓawon katantanwa, ana amfani da sinadarin kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 5,730. Wannan awo yana aiki ne har zuwa kimanin shekara 50,000. Abin da ya girmi haka, sai a koma ga sinadarin yuraniyom ko burbushin halittun da suka daskare a cikin dutse.

Da wannan dabara aka gano abin da ya faru a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, cikin Bahar Rum. A yammacin tsibirin, masana sun tarar da ragowar halittun teku manne a jikin duwatsu, can sama da inda ruwa ke kaiwa a yau. Awo ya danganta su da girgizar ƙasar shekarar 365 miladiyya, wadda ta ɗaga wani sashe na tsibirin da kusan mita 9. A can dai, ƙasa ce ta taso.

Arewa maso yammacin Najeriya ma tana da nata labarin. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita a Sakkwato, tana ɗauke da burbushin halittun teku na kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A yankin Goronyo kuma an haƙo ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada. Ke nan teku ya taɓa rufe yankin, wanda a yanzu ya fi bakin teku tsayi da sama da mita 200. Tekun ya janye, ƙasar kuma ta ɗaga a hankali.

Sai dai a kewayen Yauri, duwatsun da ke ƙarƙashi sun girmi waɗannan nesa ba kusa ba. Tsofaffin duwatsu ne masu tauri, waɗanda suka samu siffarsu ta yanzu kimanin shekara miliyan 600 da suka gabata, kuma a jikinsu ne ake samun zinaren Birnin Yauri. Irinsu ba sa motsin da ɗan Adam zai lura da shi a tsawon rayuwarsa.

Saboda haka, abin da ke sauya tsibiran Yauri a yau ruwa ne da laka. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya cika, ya haɗiye tsohon garin Bussa da mafi yawan tsibirin Foge. An sauya wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, ciki har da Gungawa da suka daɗe suna zaune a tsibiran Kogin Kwara.

Kafin ruwan ya zo, masu binciken kayan tarihi sun haƙa wani tudu kusa da Yelwa, inda suka bi shimfiɗun ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Awon kabon ya nuna cewa mutane sun zauna a wurin fiye da shekara 1,300 da suka wuce.

Tun daga 1968 kuma tafkin ke tara sababbin shimfiɗu. Kogin na kawo ruwa sau biyu a shekara: farar ambaliya ta damina mai ɗauke da laka, da baƙar ambaliya ta lokacin hunturu, wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta sauke lakarta a fadamun Mali kafin ta iso. Tsakanin cika da raguwa, ruwan tafkin kan sauka da kusan mita 10.

Lakar da ke kwanciya a gindin tafkin tana rage wurin ajiyar ruwan da ake samar da lantarki da shi, tana kuma sauya hanyoyin jiragen ruwa da wuraren kamun kifi. Auna kaurinta, a kwatanta da shekarun da ta ɗauka tana taruwa, shi zai nuna saurin cikewar tafkin, da kuma gaɓar da ya dace manomi ko masunci ya kafa gidansa.