Tantance Tsohuwar Wuƙar Aljihu a Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake bambance tsohuwar wuƙar aljihu ta ainihi da ta jabu, tare da jawo hankalin ɗalibi ga kalmomin da suka shafi hakan. An zaɓi Zangon Kumasi ne domin mazaunin fataken goro ne na Hausawa, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso garin daga Sekondi a 1903 kayan Turai suka yawaita a kasuwanninsa. Wuƙa mai naɗewa na cikin kayan. Malami ya feƙe alƙalami da ita, falke ya yanke igiyar huhun goro. A yau masu tara kayan tarihi na sayen irinta da daraja, saboda haka magajin da bai san abin da ke hannunsa ba yana iya sayar da gadonsa a banza, mai saye kuma a sayar masa da sabuwa da sunan tsohuwa.

2.0 Sassan Wuƙa

Ƙarfen da ke yanka shi ne ruwan wuƙa, yana da kaifi da tsini. Wurin riƙewa shi ne ƙota. Wuƙar maƙera tana da kube. Ta aljihu kuwa ƙotarta ce kubenta. Ɗalibi ya lura cewa wuƙa kalma ce ta mace a daidaitacciyar Hausa, amma a Hausar Gana jinsi ya raunana, don haka ana iya jin "wuƙa ne" maimakon "wuƙa ce". Wannan karin harshe ne, ba kuskure ba.

3.0 Tambari

Hujja mafi ƙarfi ita ce tambarin da aka buga a ruwan wuƙar. A ɗauki misalin Okapi, mai ƙotar katako da zoben da ake ja kafin a naɗe ta. An fara ƙera ta a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, sannan a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ke nan, duk wadda ke ɗauke da sunan Afirka ta Kudu ba za ta zama ta zamanin Kwame Nkrumah ba, ko da mai ita ya rantse. Haka kuma duk kayan da aka rubuta wa Jamus ta Yamma, to tsakanin 1949 da 1990 aka yi su.

Douk-Douk kuwa ta Faransa ce, kamfanin Cognet na garin Thiers ke yin ta tun 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa. Akwai nau'inta mai suna El Baraka wanda aka zana wa alamar nan ta Agadas. Sai dai har yanzu ana ƙera ta, don haka sunan kaɗai bai nuna tsufa ba. Nan ne da yawa ke ruɗewa.

Tambarin ainihi bugawa ake yi, yana da zurfi, haruffansa a jere. Na jabu sau da yawa sama-sama yake, wani lokaci har da kuskuren rubutu.

4.0 Ƙarfe da Alamun Amfani

A 1913 Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield ta Ingila. Wuƙar da aka rubuta mata cewa ba ta tsatsa ba ta riga wannan shekara ba. Tsohon ƙarfe yakan yi duhu a hankali, bai ɗaya. Wanda aka binne a ƙasa ko aka jiƙa da ruwan gishiri don ya nuna tsufa, tsatsarsa ja ce mai garin da ke bin yatsa. A kuma duba ko sassan sun tsufa tare: ruwan da ya sirance saboda yawan wasawa ba ya tafiya da ƙota sabuwa fil, kuma ƙusoshin da aka sake bugawa sukan bar tabon guduma a jikin katakon.