Tsuntsaye Uku a Jikin Itace Guda

A watan Maris, lokacin da sanyi ya fara sassautawa a dazuzzukan Ingila amma itatuwa ba su yi toho ba tukuna, masu nazarin tsuntsaye kan yi sammako da kyamarorinsu. Dalili kuwa shi ne, da zarar ganye ya lulluɓe rassa, ganin tsuntsayen da ke hawan jikin itace sai an sha wuya.

Akwai uku daga cikinsu da ke neman ƙwari a itace guda, amma kowa da tasa hanyar. Na farko shi ne makwakkwafi mai dabbare-dabbare, wato Dendrocopos major. Yatsunsa biyu na gaba, biyu na baya, ga wutsiya mai tauri da yake tokarewa da ita. A wannan lokaci yakan sami busasshen reshe ya dinga bugunsa, fiye da sau 10 a daƙiƙa, don shelar yankinsa. An daɗe ana koyar da cewa ƙoƙon kansa yana rage ƙarfin bugun, amma binciken Sam Van Wassenbergh na Jami'ar Antwerp a 2022 ya nuna kan nasa tamkar guduma yake aiki. Ƙanƙantar ƙwaƙwalwarsa ce ke kare ta daga rauni.

Na biyu, Certhia familiaris, nauyinsa kimanin giram 10 ne, kuma launin bayansa ya saje da ɓawo. Daga gindi yake farawa, ya yi ta kewaya itacen yana hawa, sannan ya tashi ya sauka a gindin wani. Na uku, Sitta europaea, ba ya dogara da wutsiya, don haka yana iya gangarowa kansa na ƙasa. Yakan yaɓe bakin ramin sheƙarsa da laka.

Sanin waɗannan halaye shi ne rabin aikin mai ɗaukar hoto. Maimakon ya bi Certhia zuwa sama, sai ya saita kyamara a gindin itacen da ke kusa, rana na bayansa, ya jira. Kada kuma ya kusanci sheƙa, domin iyaye kan ƙaurace mata in an dame su.

Babban abin lura shi ne, rayuwar tsuntsayen nan ta rataya a kan tsofaffin itatuwa da matattun rassa. Inda aka share su, abinci da wurin sheƙa sun tafi. Ɗalibi a ƙasar Hausa na iya gwada wannan nazari da rani, lokacin da itatuwa suka kaɗe ganye, domin a nan ma akwai makwakkwafi.