Yadda Shinkafa Ke Gane Maƙiyinta

Ɓawon farar da muke ci da jikin fumfunar da ke lalata shinkafa, sinadari ɗaya ya haɗa su, wato kaitin. Masana a Japan sun raini ƙwayoyin halittar shinkafa cikin kwalba, suka zuba musu ɓurɓushinsa. Cikin 'yan mintuna ƙwayoyin suka ɗauka fumfuna ce ta kawo hari, suka shiga shirin kare kai, daga bisani suka haɗa sinadaran da ke kashe ta. A 2006 aka gano CEBiP, furotin ɗin da ke shinshino kaitin. Sai dai fumfunar takan ɓoye kaitin ɗinta don ta shammaci shuka. A ganina, nan ya kamata jami'o'inmu su maida hankali, domin irin da ke saurin farga zai rage wa manomin Kura kuɗin feshi da asarar kaka.